Yadda Ake Zaɓar Abin Liƙe Katangar Wuta a Jirgin Saman da Mutum Ya Haɗa da Hannunsa

Tambayar da masu haɗa ƙananan jiragen sama da hannunsu suka fi yi mini, musamman idan aikinsu ya kai ga ɗaura inji, ita ce da me ake liƙe kafofin katangar wuta. Katangar da ake nufi ita ce farantin ƙarfen nan da ke tsaye tsakanin inji da ƙafafun matuƙi, wanda aikinsa shi ne ya tare harshen wuta da hayaƙi da iska mai guba har jirgi ya sauka. Yawancin masu tambayar suna son a ambata musu sunan danƙon liƙi guda ɗaya, su saya, su shafa, su wuce gaba. Ina ba su haƙuri, domin danƙo shi ne abu na ƙarshe a wannan aiki, kuma ko mafi tsadarsa ba zai riƙe ramin da ya kamata ƙarfe ya rufe ba. Ga yadda aikin yake bi da bi.

1. Ma'aunin da za ka auna komai da shi

Kafin ka sayi ko da ƙwayar ribit ɗaya, ka riƙe lambobi biyu a ka: digiri 2,000 a ma'aunin Farenhait, wato kimanin digiri 1,093 a ma'aunin Salshiyos, da kuma minti 15. Wannan shi ne ma'aunin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta sa wa katangar ƙananan jirage a sashe na 23.1191 na tsohon tsarin ƙa'idojinta: katanga da duk abin da aka ɗaura mata su jure wa harshen wuta mai wannan zafi na tsawon minti 15 ba tare da wutar ta keta ba. Akwai wani mataki a ƙasa da shi, na minti 5, wanda ake nema ga abubuwa irin su mesar mai, amma wannan bai isa ga katanga ba. A Amurka doka ba ta tilasta wa jirgin da mutum ya haɗa don kansa cika wannan sashe ba, sai dai man fetur da ya zubo a kan salansa mai zafi zai ci da zafi ɗaya ko a jirgin kamfani ko a naka, don haka ni da shi nake auna komai.

Ƙa'idar ta kuma lissafa faranti waɗanda aka amince da su ba sai an gwada ba: ƙarfe mara tsatsa mai kaurin inci 0.015, baƙin ƙarfe da aka kare daga tsatsa mai kaurin inci 0.018, Monel, wato gaurayen nikel da jan ƙarfe, mai kaurin inci 0.018, da titaniyom mai kaurin inci 0.016. Alminiyom ba ya cikin jerin, kuma dalilin a fili yake, domin yana narkewa a wajen digiri 660 na Salshiyos, tun wuta ba ta kai ko kusa da ma'aunin ba.

Gargaɗi: rubutun da ke jikin kaya cewa yana jure zafi ba ya nufin yana jure wuta. Kuskuren da ya fi kowane yawa a wannan aiki daga nan yake farawa.

2. Ƙirga kafofin

Ka ɗauki takarda ka zana katangar, sannan ka sa wa kowace kafa lamba. Za ka tarar sun kasu gida huɗu. Na farko shi ne gaɓoɓi, wato inda gefen katanga ya haɗu da jikin jirgi, da kusurwoyin da aka yanka don a lanƙwasa farantin, da kewayen duk wani akwati da aka yi wa katangar don matatar mai ta samu wuri. Na biyu shi ne mashigar ruwa: man fetur, man birki idan ya bi ta nan, da siraran bututun ma'aunin matsin mai. Na uku shi ne wayoyin lantarki da kebul ɗin totur da na daidaita cakuɗar mai da iska. Na huɗu, wanda ya fi su girma kuma aka fi mantawa da shi, shi ne bakin iskar ɗumama ɗakin matuƙi, wanda yawanci faɗinsa inci biyu ne.

Kowace kafa da za ka iya sokewa, soke ta. Wayoyi goma da suka bi ta rami ɗaya da aka tsare da kyau sun fi wayoyi goma da kowace ta huda nata. Ka kuma bar wuri kaɗan a mashigar wayoyi saboda na'urar da za ka ƙara nan gaba, domin huda katanga bayan an ɗaura inji wahala ce da ke sa mutum yin aikin gaggawa.

3. Ƙarfe kafin danƙo

A nan ne mafi yawan aikin yake, kuma a nan nake son mai karatu ya daɗe. Dokar da nake bi ita ce kada danƙo ya cike giɓin da ya wuce 'yan milimita kaɗan. Duk abin da ya fi haka, ƙarfe ne zai rufe shi.

Ga mashigar man fetur da sauran ruwa, a yi amfani da mahaɗin da ke ratsa katanga, irin su masu lamba AN832 miƙaƙƙe ko AN833 mai gwiwa, kuma ya zama na ƙarfe. Mahaɗan AN masu launin shuɗi na alminiyom ne, kuma harafin D a lambarsu shi ke nuna hakan. Sun fi sauƙin nauyi, sun kuma fi kyan gani, amma idan na man fetur ya narke, katangar ta samu rami kuma wutar ta samu abinci a lokaci guda. Kada a ratsa mesar roba kai tsaye ta cikin katanga.

Ga kebul ɗin totur da 'yan'uwansa, akwai mahaɗi mai ƙwallo a tsakiya wanda ke ba kebul damar shiga a karkace. Ana sayar da na alminiyom da na ƙarfe, kuma kamanninsu ɗaya ne a hoto, saboda haka ka tabbatar da abin da ka yi oda. Idan za ka yi amfani da zoben roba don kare kebul daga kaifin farantin, to, ka sani robar za ta ƙone cikin ɗan lokaci, don haka dole a rufe ta ta ɓangaren inji da garkuwar ƙarfe mara tsatsa mai gida biyu, wadda ke rungume kebul ɗin ta bar ɗan siririn giɓi kawai, sannan a cike ƙarƙashin garkuwar da danƙo.

Ga wayoyi, hanyar da na fi amincewa da ita ita ce gajeren bututun ƙarfe mara tsatsa mai faffaɗan gindi, a ɗaure shi a katanga bakinsa na kallon inji. Wayoyin su bi ta cikinsa, a naɗe su da guntun rigar wuta a ciki don kada ƙarfe ya goge su, sannan a zura wata rigar wutar a kan bututun ta waje ta zarce bakinsa da 'yan inci, a matse ta da zoben ƙarfe biyu, ɗaya a kan bututu ɗaya a kan wayoyin. Rigar wuta ita ce mesar nan mai launin ruwan lemo da aka saƙa da zaren gilas aka lulluɓe da silikon. A shafe bakinta da aka yanka da danƙo, in ba haka ba zaren zai riƙa tsotsar mai kamar lagwani.

Bakin iskar ɗumama ɗaki kuwa, akwatinsa da marfinsa duk su zama na ƙarfe mara tsatsa. Akwai waɗanda marfinsu ne kawai na ƙarfe, jikin akwatin alminiyom ne, kuma idan jikin ya narke marfin ba shi da abin da zai riƙe shi. Rami mai faɗin inci biyu a saitin ƙafafun matuƙi, iska na tura wuta ta cikinsa, ba abu ne da danƙo zai yi wa magani ba.

Duk abin da ka ɗaura don tare wuta, ɗaure shi da noti na ƙarfe zalla ko ribit na Monel ko na ƙarfe mara tsatsa. Noti mai zoben nailan a ciki ba na gaban katanga ba ne.

Gargaɗi game da huda: ƙarfe mara tsatsa yana taurara idan bakin injin huda ya yi ta gogarsa ba ya yanka. Ka huda a hankali, da matsi sosai, da ɗigon man yanka, ka sa katako a baya, sannan ka goge kaifin ramin da magagari. Gefen wannan farantin yana yanka hannu kamar reza, kuma haka zai yi wa waya.

4. Zaɓen danƙon kansa

Danƙon da za ka ci karo da su sun kasu kashi huɗu, biyu na ƙi, biyu na karɓa.

Na farko shi ne jan silikon da makanikai ke shafa wa gasket ɗin inji. An yi shi ne don ya zauna a wuri mai zafi, kuma iyakarsa ba ta wuce digiri 650 na Farenhait ba, wato kimanin 343 na Salshiyos, shi ma na ɗan lokaci. Wannan bai kai sulusin ma'auninmu na Farenhait ba. Yana da amfani a farantan da ke juya iska a kan silinda, amma ba a katanga ba. Ƙari a kan haka, irin silikon da ke warin tsami lokacin bushewa yana fitar da ruwan asid mai cin ƙarfe da mahaɗan waya.

Na biyu shi ne danƙon tankin mai, mai launin toka, wanda kusan kowane mai haɗa jirgin alminiyom yake da ragowarsa bayan ya gama fukafukai. Yana kama ƙarfe da kyau, man fetur ba ya cin sa, shi ya sa hannu ke saurin kai masa. Amma yana cin wuta, yana kuma fitar da hayaƙi mai kauri da wari. Ragowar nan a bar ta wa tanki.

Na uku shi ne danƙon da aka yi musamman don katangar wutar jirgi, kamar Pro-Seal 700 na kamfanin PPG, da CS 1900 na Flamemaster, da Dapco 2100. Waɗannan an tsara su ne su tsaya a gaban harshen wuta mai digiri 2,000, su ƙone su zama ɓawo mai tauri da ke ci gaba da toshe kafar. Su ne zaɓina na farko ga gaɓoɓin katanga. Wasunsu gida biyu ne da ake cakuɗawa, wasu kuma a shirye suke zuwa. Matsalarsu tsada da gajeren wa'adi, domin wasu ba sa wuce 'yan watanni a ajiye.

Na huɗu shi ne danƙon tare gobara na gine-gine, wanda ya fi shahara a cikinsu wajen masu haɗa jirage shi ne 3M Fire Barrier 2000+, silikon ne da ba ya fitar da asid. Ya fi na jirgi araha nesa ba kusa ba, yana da sauƙin shafawa, kuma yana zama da laushi bayan ya bushe, abin da ya sa ya dace da kewayen wayoyi. Sai dai a fahimci abu ɗaya: gwajin gobarar gini da ake yi wa irinsa zafinsa a hankali yake hawa, yana kaiwa digiri 1,000 na Farenhait a minti 5, ba ya kaiwa 2,000 sai bayan awa 4, alhali gwajin jirgi yana dukan kaya da cikakken zafin tun daga daƙiƙar farko. Saboda haka shaidar da ke jikin kwanson ba shaidar jirgi ba ce, kuma wanda ya zaɓe shi ya ɗauki nauyin gwada shi da kansa. A cikin na gine-ginen akwai masu kumbura idan wuta ta taɓa su, suna cike gurbin da robar waya ta bari bayan ta ƙone. Dabara ce mai kyau, amma da yawansu da ruwa aka haɗa su, ba sa son mai da jiƙa da girgiza, don haka wurinsu shi ne cikin bututun wayoyi, inda ƙarfe ya kewaye su.

Game da kuɗi, danƙon da jirgi ɗaya ke bukata kaɗan ne, kwanso ɗaya ko ƙaramin gwangwani ya isa har da na gwaji. Mahaɗan ƙarfe da akwatin ɗumama ɗaki su ne za su fi cin aljihu, kuma duk da haka jimillarsu ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin inji. Asarar da aka fi yi ita ce sayen danƙo da wuri, ya lalace a kan kanta kafin aiki ya iso gare shi. Ka saye shi a makon da za ka shafa, ka duba ranar ƙarewar wa'adinsa, ka kuma nemi takardar bayanan fasaha ta kamfanin da ya yi shi, ka karanta abin da ta ce game da harshen wuta, da mai, da irin ƙarfen da yake kamawa.

5. Gwada shi a kan guntun faranti

Wannan mataki yini ɗaya yake ci bayan danƙo ya bushe, kuma ban san abin da ya fi shi koyar da mai gini ba. Ka yanki guntaye daga ragowar farantin katangarka. Gwajin hukuma yana amfani da faranti mai kimanin inci 10 a kowane gefe, kai ma ka kwatanta haka. Ka haɗa gaɓa irin ta jirginka, da ribit irin naka, da danƙon da ka zaɓa, a wani guntun kuma ka yi mashigar waya cikakkiya da ragowar wayoyi. Ka bar su su bushe iya kwanakin da takardar ta faɗa, sannan ka kafa su a tsaye a fili, nesa da jirgi da mai, da abin kashe gobara a kusa, ka haska musu wutar gas ta ɓangaren da zai kalli inji, agogo na hannunka.

Abin da za ka zuba wa ido shi ne bayan farantin. Lokacin da na yi nawa, ƙarfen ya yi ja kamar garwashi cikin ƙanƙanin lokaci, kuma ɗigon jan silikon da na shafa a baya da gangan ya fara hayaƙi, ya kama da wuta, ya koma farin toka da ke zubewa da an taɓa shi, alhali harshen wutar gas ɗin bai taɓa shi ba ko sau ɗaya. Zafin farantin kaɗai ya kunna shi. Tun daga ranar na daina kallon bayan katanga a matsayin wuri mai aminci.

Wutar gas ta hannu ba daidai take da murhun gwajin hukuma ba, domin tana tara zafi a wuri ƙarami, amma ta isa ta nuna maka wanda ya fi wani. Ka tsaya ta inda iska ke kaɗa hayaƙin nesa da kai.

6. Shafawa

Ka kankare wurin da soson goge ƙarfe har ƙyallinsa ya dushe, ka goge da asiton ko barasar goge-goge da tsumma mai tsabta, ka sake gogewa da wani tsumman kafin ya bushe. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana danƙo kamawa, don haka ka sa safar hannu. Idan takardar ta ce a fara shafa ruwan share fage, a shafa. Mai gida biyu a auna shi a kan sikeli gwargwadon rabon da aka rubuta, a cakuɗa har launinsa ya zama ɗaya, kuma a haɗa iya wanda za a iya shafawa kafin ya fara tauri.

Danƙo yana zama ne a ɓangaren inji da kuma tsakanin faranti biyu da suka hau juna. Mafi kyau shi ne a shafa siririn layi a tsakaninsu kafin a buga ribit, sannan a bi gaɓar ta gaba da wani layin, a lallaɓa shi da ɗan katako ya kwanta. Wanda ya tsattsafo ta ɓangaren ɗaki a goge shi tas tun yana ɗanye. Tef a gefe biyu na layin yana sa aikin ya fita da tsabta, a cire shi kafin danƙon ya kama.

Gargaɗi: kada a cusa danƙo a inda kebul ke motsi gaba da baya. A liƙe rigar kebul ɗin ta waje kawai, sannan a ja totur daga farko zuwa ƙarshe a tabbatar ba ya ɗaurewa.

7. Rufin hana zafi, da ɓangaren da zai zauna

Masu gini da yawa suna son rage zafi da ƙarar inji, sai su manna soso ko bargo mai gam a bayan katanga, a cikin ɗaki. Wanda ya yi gwajin mataki na 5 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Farantin zai tare harshen wuta kamar yadda aka yi shi don ya yi, amma zai yi ja, kuma soso da gam da fenti da ke manne da shi za su cika ɗan ƙaramin ɗakin da hayaƙi, matuƙi ya kasa gani ya kasa numfashi, tun wutar inji ba ta keto ba.

Idan za a sa rufi, a sa shi a gaba, ta ɓangaren inji. Abin da aka saba amfani da shi shi ne takardar zaren tangaran, irin Fiberfrax, wadda ke jure har digiri 2,300 na Farenhait, a lulluɓe ta da siririn farantin ƙarfe mara tsatsa mai kaurin kimanin inci 0.002, a riƙe da ribit na ƙarfe, a liƙe gefunan don kada mai ya jiƙa ta. Wannan yana kuma kare ginshiƙan alminiyom da ribit ɗin da ke riƙe da katangar ta baya. A jirgin katako ko na zaren gilas wannan rufi wajibi ne, domin abin da ke bayan farantin shi kansa mai cin wuta ne. Kada a matse takardar a ƙarƙashin ƙafafun maɗaurin inji, a yanke ta a kewayensu, ƙarfe ya zauna a kan ƙarfe.

Gargaɗi: ƙurar zaren tangaran tana cutar da huhu. A sa takunkumi mai tace ƙura, a yanka da wuƙa mai kaifi, a share wurin da jiƙaƙƙen tsumma.

8. Dubawa

Bayan komai ya bushe, ka jira dare ko ka kashe fitilun wurin aiki. Mutum ɗaya ya riƙe tocila mai haske a ɓangaren inji yana bin gaɓoɓi da mashigai ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ka kwanta a cikin ɗaki kanka a ƙarƙashin allon na'urori. Duk inda ɗigon haske ya ɓullo, ko da kamar bakin allura ne, ka sa masa alama, ka duba lambarsa a zanenka na mataki na 2. Kusurwoyin ƙasa da kewayen maɗaurin inji su ne suka fi ɓoye kafa. Irin waɗannan ƙananan ramuka ne iskar kabon monoksaid ke bi a tafiyar yau da kullum, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, saboda haka a ɗaura na'urar gano ta mai ƙara a cikin ɗaki kafin tashin farko.

Ka gayyato wanda ya fi ka gogewa ya duba kafin a rufe murfin inji. EAA, ƙungiyar masu haɗa jirage da hannunsu a Amurka, tana da masu ba da shawarar fasaha na sa kai, takwararta LAA a Birtaniya kuma tana da masu duba jiragen membobinta. Ka rubuta sunan danƙon da ranar shafa shi a littafin ginin jirgi. A kowane duban shekara ka danna layukan danƙon da yatsa, ka nemi tsagewa ko ɓamɓarewa ko laushin da mai ya jawo, ka ja marfin ɗumama ɗaki ka ga yana rufewa ruf, kuma duk lokacin da aka ƙara waya ko aka canza kebul, a sake liƙe mashigar a maimaita gwajin tocila a ranar.